Ranar da Inna Tambaya ta ba da aron fitila

Inna Tambaya yayar mahaifiyata ce, a hannunta na tashi a Nahuce. Mace ce 'yar ƙarama mai saurin tafiya, sana'arta ƙulle daddawa da kiwon awaki. Duk unguwa an san kayan gidanta ba nata ba ne ita kaɗai. Tabarma, turmi, babbar tukunya, kullum suna gidan wani, wani lokaci sai ta aika ni aron abinta.

Ɗanta ɗaya ne namiji, Sabiru, kuma shi ne na fari. To Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan". Idan ya kira waya daga Gusau, inda yake aikin kwamfuta, ko sallama ba ta gama amsawa za ta miƙo mini, kamar wayar na ƙona mata hannu. Da aka yi mini aure na koma Tsafe, ba mai karɓa kuma. Ga shi hawan jini ya taɓa kayar da ita a tsakar gida.

Sabiru ya ce ta koma Gusau, ta ƙi. Sai ya saka mata sola da ƙwayayen fitila masu aika saƙo, ya zauna ya haɗa manhaja da kansa. Ya sha wuya, don sabis ɗin garin sai ya ga dama. A wayarsa ya zana gidan, zaure da madafa da ɗakinta, duk inda aka kunna fitila sai ya yi rawaya, a ƙasa kuma layi na nuna yadda aka yi amfani da wuta a mako. Ya ce da ni muddin ɗakinta na yin rawaya da asuba zai bar ta a gidanta, ranar da ya daina kuwa zai ɗauko ta ko tana so ko ba ta so. Ita bai faɗa mata ba. Ta ina ma zai fara?

Wata Laraba ɗakin bai yi rawaya ba, washegari ma haka, wayarta kuma a kashe. Ya kira ni. Na hau mota na same shi a tasha, ya ɗauko shatar mota har da katifa a baya.

Muka tarar da ita lafiya lau tana ba awaki dusa. Ashe 'yar maƙwabciya ce ta haihu, ɗakin mai jego ba haske, Inna ta taka turmi ta kwance ƙwan fitilar ɗakinta ta kai musu. Ni dariya ta kama ni, shi kuwa ya zauna a bakin rijiya.

Na ja ta ɗaki na nuna mata zanen gidan a wayarsa, na faɗa mata komai, har zancen motar da ke jira a waje. Ta daɗe tana kallon ɗan akwatin da yake ɗakinta.

"Kullum shina dubawa?"

"Kullum, Inna. Kafin ya yi alwala."

Ta murza bakin zanenta. Tausayinsu su biyun ya kama ni, uwa da ɗa, bango ɗaya ne tsakaninsu amma sai da ɗan aike.

Ta juya fuska ga bango, ta ɗaga murya yadda zai ji daga waje.

"Ki ce ma wancan shi sallami mai mota. Ƙwan ba ni amso shi sai an yi suna, ba a yin haka. Amma akwai na madafa. In Allah ya tashe ni, shi ni ka hwara kunnawa tun ban yi salla ba. Shi kwanta da hankalinai."

Na leƙa don in isar da saƙo, na ga ba sai na faɗa ba. Sabiru, da gemunsa da 'ya'yansa, ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na girgiza.

Inna ta ce, "Ki kai mishi hura, bai karya ba."