Mai Jan Layin Gayya

Da asuba, ana idar da salla, Sammani yana bakin magudanar ruwa a Kadawa yana wasa laujensa a kan dutse. Manomin tumatir ne, gonarsa ba wata babba ba. Amma duk ranar da ciyawar kachala ta toshe magudana aka kira gayya, shi ne a gaban layi. Ba ya waƙa, ba ya surutu. In ya sara, na bayansa su sara, har ƙarshen layi. In na gaba ya yi sauri ko ya yi nawa, laujen wani sai ya sami ƙafar wani.

Bana ƙirjinsa ya fara damunsa. Zuciyar ta buga, ta yi shiru kamar ta manta, sannan ta zo a guje. Matarsa Aziza ce ta matsa masa har ya je asibiti a Kura.

Likitar ta daɗe tana duba gwajin. Ta ce naman zuciya ƙananan ƙwayoyi ne, kowace manne da 'yar'uwarta, da 'yan ƙofofi a tsakani. Umarnin bugawa daga wuri ɗaya yake tasowa, ya ratsa ƙofofin, duk su matse tare. A tasa zuciyar wani yanki ya mutu ya zama tabo, umarnin sai ya kewaya ya iso a makare. In ya ci gaba da wahalar da ita, wata rana kowace ƙwaya za ta buga nata, jini ya tsaya.

"Baba, ka bar aikin ƙarfi," in ji ta. "Ba shawara nake ba ka ba."

Ya ce to. Ya hana Aziza faɗa wa kowa.

Ana nan ruwa ya daina isa gonakin ƙasa, tumatir ya soma yaushi. Aka sa gayya, Sammani bai fita ba. Maƙwabcinsa Bilya ya ja layi, ba a yi nisa ba wani ya yanke a ƙwauri. Bilya da kansa ya zo har gidan Sammani.

"Dattijo, tsufa ne ko Aziza ce ta ɗaure ka?"

Aziza ta tsaya a bakin zaure ta tare hanya. Sammani ya ɗauki laujensa, ya raɓa ta ya wuce.

Ni ma ina cikin layin a ranar. Ganina da shi na ƙarshe, yana cikin ruwa har gwiwa, ya dafe ƙirji da hagu, yana jiran wani abu ya lafa. Gumi ya jiƙe masa wuya ga shi rana ba ta ko ɗaga ba. Mutane a bayansa, kowa lauje a sama, ba wanda ya tambaye shi. Ya sauke hannun, ya sunkuya ya kama kachalar.