Ranar da Na Hau Jirgin da Na Yi wa Walda

In dai ina numfashi, ba zan manta ranar da aka sa ni hawa jirgin sojan ruwan da hannuna ya yi wa walda ba.

Kafin zuwan korona ne, ina aiki a wani kamfanin ƙera jiragen sintiri a Dubai. Ni mutumin Funtua ne, tsakanina da ruwa sai wanka da alwala. Ko abra, ɗan kwalekwalen fito na unguwar Deira, ba na hawa, gara in zagaya ta jirgin ƙasa na metro abokai su yi ta tsokanata. Kullum ƙarfen jirgi nake haɗawa, amma ban taɓa taka ko ɗaya yana kan ruwa ba.

Sai aka ce tawaga na zuwa daga Afirka ta Yamma, jakada da manyan hafsoshi. Jiragen korar 'yan fashin teku suke nema, kuma suna so a koya wa yaransu ƙerawa a gida. Aka wanke fili tas. Manajanmu, wani Balarabe mai surutun tsiya, ya jera mu a rana kamar 'yan firamare.

Shugaban tawagar dattijo ne cikin farin kaki, ba ya yawan magana. Manaja na ta zuba bayanin inji da gudu, shi kuwa ya durƙusa ƙarƙashin sabon jirgin da ke zaune a bakin ruwa, yana shafa layin walda da tafin hannu. Ya tambaya da Turanci wa ya yi. Aka nuna ni. Ya dube ni, sai na ji Hausa raɗau: "Daga ina?"

Na ce, "Funtua, ranka ya daɗe."

"To ɗana, tare za mu fita gwaji. 'Ya'yan mutane zan zuba a cikin wannan abu. In mai walda bai yarda da shi ba, ni ma ban yarda ba."

"Ranka ya daɗe, ai ban iya ruwa ba."

"In aikinka ya yi kyau, ba ka buƙatar iyawa."

Manaja ya tura ni yana "Yalla habibi, yalla!", wai in yi maza. Wallahi a ranar na ji haushinsa.

Aka sauke jirgin, aka ɗaura mini rigar ceto, muka fita. Na san an gwada waldar da na'ura, amma na'ura daban, teku daban. Da direba ya ba inji wuta, goshin jirgin ya ɗaga sama, ya dawo ya maki ruwa, tim! Na ji dukan har cikin haƙorana. Na ƙanƙame ƙarfe ina jan duk addu'ar da na sani, ina bin kowane layin da na ɗinke a zuciyata.

Can dattijon ya dafa ni ya ce in buɗe ido. Allahu Akbar! Ruwa ko'ina, shuɗi har ƙarshen gani. Dogayen benayen Dubai da ke tsorata mu sun koma kamar tsinken sakace. Kuma tsakaninmu da wannan zurfin babu komai sai falankin ƙarfe da aikin hannuna.

Ya ce, "Sauka ƙasa ka dubo mana."

Na sauka, na bi gindin jirgin ina shafawa. Ko ɗigo babu. Na zauna a nan na yi kuka, ni da gemuna, teku na bugun ƙarfen da na jingina da shi.

Da na hau na faɗa masa, bai yi murmushi ba ma. Ya ce, "Madalla. Yanzu zan iya kallon iyayensu."

Ban san yadda cinikin ya ƙare ba, ba a shawara da mai walda. Amma ranar na gane ashe duk abin da hannunka ya yi, akwai ɗan wani da zai ɗora ransa a kai, bai san ka ba, ba ka san shi ba. Tun daga nan ba na sakin aiki sai na tambayi kaina ko zan yarda in hau.