Alhajin Rijiyar Zartsi

Ranar Laraba ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya kira ni ƙarƙashin rumfar karan da ke tsakar gidanmu, ya yaye tsumman da ya rufe wata ƙatuwar kwalba irin ta alewar kanti. Lokacin dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, mu kuwa muna ƙauyenmu na Hausawa kusa da Abu Na'ama, sai ya yi wata da watanni ba mu sa shi a ido ba. A cikin kwalbar akwai yashi da ɓallin kasko da ruwa mai ɗan duhu. Na leƙa ban ga komai ba, sai da yashin ya motsa. Wani ɗan kifi ne tsawon yatsa, kai ƙato, idanu a tsakar ka kamar na kwaɗo, ya dogara da fikafikansa na gaba kamar tsohon da ya dafa ƙasa zai miƙe. Bai yi iyo ba, bai gudu ba. Kallona kawai ya tsaya yi.

Baba ya ce a wani rafi ya kamo shi, inda ruwan duwatsu ke haɗuwa da teku, don haka ba ya son ruwan gishiri zalla, ba ya son na daɗi zalla, sai ruwan zartsi. Ya rataya jakarsa zai koma, ya dafa kaina ya ce, "Ki riƙe min shi, Hauwa'u, sai na dawo yankan dawa. Muddin yana lafiya, ni ma ina lafiya." Da dariya ya faɗa. Ni kuwa maganar ta zauna min daram a ƙirji, na ɗauka ran ubana aka miƙo min cikin kwalba.

Ruwan zartsi wuri ɗaya ake samunsa a garinmu, wata tsohuwar rijiya bayan itatuwan aduwa, can gaba da maƙabarta. Kakanninmu ne suka haƙa ta sa'ad da suka yada zango a hanyarsu ta Makka, suka ɗanɗana, suka tofar, suka koma bakin kogi. Ko jaki ka kora wajen sai ya turje. Mata na cewa da tsakar rana ana ganin wata zaune a bakinta tana taje kai, ta ba hanya baya. To ni kuma tsakar ranar nan ita kaɗai gare ni, don da safe shara da makaranta, da yamma kai abinci gonar auduga da jiƙa kullun kisra, wainar dawa ta Sudan. Sai in bar ƙawayena suna carafke a inuwa, in ɗauki guga da galan in tafi ina karanto duk surar da na iya. Wurin tsit, ko kurciya ba ta kuka. In na zura guga, sai in ji ƙararsa ta dawo min sau biyu, kamar wani ya amsa daga ƙasa. Wallahi ban taɓa waiwayawa ba in zan tafi.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba, ba ta so kifin nan ba ko kaɗan. Ta duƙa ta dube shi, shi ma ya juyo idanun nan ya dube ta, ta ja da baya tana tofi ta ce, "Wanga ba kifi ba ne. Kifi ba ya kallon mutum." Amma Habboba na da wata doka da ba ta taɓa karyawa ba: baƙo ba ya zama shi kaɗai a gidanta, ba ya cin abinci shi kaɗai. Bayan kwana biyu abin ya dame ta, ta ce ko aljani ne ai baƙo ne, a nemo masa abokan hira. Na tafi tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, na yi tankaɗe da mayafina na kamo wasu 'yan kifaye farare guda biyu masu walƙiya. Da safe muka tarar da su sun juya ciki sama, baƙo yana zaune a kan kaskonsa ya ɗaga ido yana kallonsu. Na kawo ɗan tarwaɗa. Wannan kuwa wuni ya yi yana haukan zagaye, ya yage wa baƙo wutsiya, jikinsa ya yi fari da yauƙi, washegari muka same shi a ƙasa tururuwa sun yanyame shi. Na kawo ɗan karfasa, shi bai mutu ba, sai dai ya ƙwace kaskon, ya cinye tanar da nake tono wa baƙo, har baƙo ya rine ya yi baƙi ƙirin a gefe guda. Da hannuna na cire ɗan banza na mayar tur'a.

Magana ta zaga gari cewa a gidanmu akwai abin da ba a kwana da shi a tashi. Da damina ta sauka ƙanena Sani ya kwanta da zazzaɓi, wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta kalli kwalba ta kalli yaro, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma abin da ya sha ruwan rijiyar can ba zai rasa kama kurwa ba. Mahaifiyata ta ce gobe in kai shi tur'a in zubar. Ni na san tur'a ruwan daɗi ce, na kuma san abin da Baba ya faɗa. Na tafi rijiya ba don ɗiban ruwa ba, don in sami inda zan yi kuka ba mai hana ni. Ina durƙushe sai na ga wani ɗan kududdufi a gindin rijiyar yana motsi. 'Yan mitsi-mitsin kifaye ne masu ruwan toka, irin waɗanda ma'aikatan lafiya ke zubawa a magudanai don su cinye tsutsar sauro, ambaliya ta kawo su ta bar su nan. Na tsoma yatsa na lasa. Zartsi! Ashe duk wahalar nan ba baƙo ke kashe su ba, ruwan ne bai karɓe su ba.

Na kwaso biyar, na roƙi kwana uku. Suka shiga sama-sama suna harkarsu, shi yana ƙasa yana tasa, ba mai taɓa wani. Kwana uku suka cika ba gawa, Sani ma allurar asibiti ta tashe shi. Daga nan Habboba ta sauko. Ta raɗa masa suna Alhaji, wai daga bakin tekun da alhazai ke ƙetarewa ya zo, ta riƙa jan tabarmarta kusa da kwalba tana tsintar riɗi tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun ba a haife ni ba. Shi kuwa sai ya manne da gilashi daidai fuskarta.

Da dawa ta nuna, saƙo ya zo Baba na tafe ranar Alhamis. Habboba ta tayar da gida, aka zuba sabon yashi a tsakar gida, aka turara randuna. Ranar Talata na dawo daga makaranta na hango kwalba tana ƙyalli, ruwa garau har ana ganin bango ta ciki. Habboba tana murmushi ta ce, "Ɗana ya iske baƙonsa cikin ruwan da jaki ba ya sha? Ai sai kunya ta kashe ni." Ta wanke kwalbar tas da sabulu, ta cika ta da ruwan randarta mai sanyi da ƙamshin turare, wanda manyan baƙi kaɗai ke sha. Na fizgi galan na ruga, ranar ko Bismillah ban tuna ba. Kafin in dawo Alhaji ya kwanta ta gefe ya yi fari fat, idanun nan na nan a buɗe. Kafin la'asar ya daina motsi, 'yan biyar ɗin suna ta wasansu a samansa.

Kwana biyu ban iya haɗiye loma ba, ban kuma gaya wa kowa dalili ba. Ranar Alhamis tun hantsi nake tsaye a bakin hanya. Lori ya tsaya, mutane suka riƙa dirowa ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga fuskoki, babu shi, babu shi, har aka fara sauke buhuna. Sai ga shi ya zagayo ta bayan mota yana kakkaɓe riga. Na zauna a ƙasa daɓas. A gida ya leƙa kwalba, ya tsoma yatsa ya lasa, ya ji ruwan daɗi ne zalla, ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, kin karrama Alhaji har lahira." Kowa ya kwashe da dariya ban da Habboba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ranar na fara ganin kafaɗunta na rawa da kuka.

Yau babu Habboba, babu Baba, rijiyar ma an ce ta rufta. Yaƙi ya kore mu daga ƙauye, ga ni a Bur Sudan da 'ya'yana, baƙi a gidan mutane masu kirki da ke dafa mana abin da su suka fi so. Na ga dangin Alhaji birjik a taɓon bakin teku, ba mai ko kallonsu. Ruwan da ake kawo mana nan yana da ɗan zartsi, yarana na kurɓa su yamutse fuska su tofar. Ni kuwa in na kurɓa, gida nake ji.