Motar Sabo da Ta Ɓace Lokacin La'asar

Har gobe ban manta da la'asar ɗin da na sa aka rufe shagonmu da kwaɗo muka tafi masallaci gaba ɗaya ba, kowa na hira, ni kuwa hankalina na can shago. Ku da kuka shigo aikin tsaron kwamfuta da takardar jami'a a hannu kuna yawan tambayata inda na koyi karanta saƙon da ke bin waya. To ku gyara zama. A wasan tseren motoci na koya, a wani shagon intanet da ke wajen Dutse Uku a Jos, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da in za ka ɗaga kwamfuta sai ka rungume ta kana nishi.

Shagon na wani Alhaji Bala ne, ma'aikacin gwamnati mai ritaya da ke zaune a Rayfield. Oga muke ce masa. Mu biyu ne ma'aikatansa. Ni ne mai gyara: haɗa waya, sa manhaja, da lallashin janareta in an ɗauke wuta. Injiniya ake ce mini, alhali difloma ce kawai gare ni. Na biyun Dung ne, Birom daga Daɗin Kowa, magidanci mai 'ya'ya, shi ke kan kanta yana ba mutane lokaci yana nuna musu wurin zama. Muna da wani tsari da ba wanda ya rubuta mana shi: in an kira salla Dung ke tsaron shago, ranar Lahadi kuma ni ke riƙewa har ya taso daga coci.

Gaban shagon na masu aika saƙo da binciken makaranta ne, ɗakin baya kuma na 'yan wasa. Wasan ba ya fita waje, a cikin shagon yake zagaye. Akwai babbar kwamfuta guda a ƙarƙashin tebur, wadda muke kira saba, ita ke riƙe da sunan kowane ɗan wasa da motocin da ya tara. In ka ci tsere ka sami maki, da makin kake sauya inji da taya, har motarka ta gagari ta kowa. Akwai kuma wurin kyauta, inda za ka iya aika wa wani motarka ta zama tasa. Yawancin 'yan wasan direbobi ne da 'yan acaɓa. Mutum ya wuni yana tuƙi a titi, ya zo ya huta da tuƙi a allo, ni dai har yau ban gane wannan hutun ba.

Sarkinsu wani Sabo ne, direban tasi, mai faɗi a jiki da faɗi a baki. Wata jar mota gare shi a wasan, ya yi wata da watanni yana gina ta, yana ji da ita fiye da tasin da yake ci da iyali da ita.

Ga inda matsalar take. Shiga wasan yana da jinkiri, saboda haka in an kira la'asar ba mai fita daga sunansa. Kowa sai ya miƙe ya bar allo a buɗe, ya ce, "Dung, ga amana nan," su tafi masallacin bayan layi. Rannan suka dawo, Sabo ya zauna, babu jar mota. An aika ta kyauta ga wani suna da ba wanda ya sani, wai Baƙo. Aka ce kuskure ne. Bayan 'yan kwanaki ta wani ɗan acaɓa ta tafi, sannan ta wani, kuma duk a lokacin la'asar. Wa ke cikin shago a wannan lokacin? Dung, shi kaɗai.

Kun san yadda garinmu yake a shekarun nan na rikicin addini, ba sai na faɗa muku ba. Maganar da ta fara da mota ta koma wani abu daban. Aka fara cewa ga irin abin da ke faruwa in ka bar wa wanda ba naka ba amana ka tafi salla. Sabo ya tsaya a bakin kanta ya zazzaga wa Dung rashin mutunci a gaban jama'a, har da nuna shi da makullin mota. Dung ya rantse da Allah ko sunan maɓallan wasan bai sani ba, ba wanda ya saurare shi. Oga ya zo da kansa, ya ga yadda ido ya yi ja, ya ce Dung ya zauna a gida zuwa ƙarshen wata, in ba a gano komai ba sai dai haƙuri. Abin da ya ƙara ɓata al'amarin, Dung na tafiya satar ta tsaya cak. Kowa ya ce to kun gani.

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Mutumin da in ya tsinci biro a ƙasa sai ya bi layi yana tambayar mai shi, shi ne zai saci motar da ba ta ko shan mai? Kuma ba aikinsa kaɗai ke shirin tafiya ba. In aka sallame shi da sunan ɓarawo a unguwar nan, ba zai sake iya bin layinmu da rana tsaka ba.

Na sami Oga a ofis na ce ina neman izini in saurari abin da kwamfutocin ke faɗa wa juna. Ya ce, "Kai Injiniya, kwamfuta tana magana ne?" Na ce ranka ya daɗe, surutu ma take yi, mu ne ba mu jin yarenta. Na yi masa bayani cewa zan ga abin da ke wucewa a wayoyin ɗakin baya kawai, ba zan taɓa na masu aika saƙo ba. Ya ce in yi, amma duk abin da na gani shi zan fara faɗa wa. Ku riƙe wannan wurin da kyau. Ban sa hannu a komai ba sai da mai dukiya ya ce na yarda.

A lokacin duk wayoyin ɗakin baya suna haɗuwa ne a wani ƙaramin akwati mara wayo, wanda duk saƙon da ya shigo masa sai ya watsa wa kowace kwamfuta, kamar mai shela a kasuwa. Na sa wata manhaja mai kama duk abin da ya wuce ta nuna maka shi a allo. Da safe nake yi, kafin mutane su zo, ga sanyin Jos yatsu sun ƙage. Ranar farko da na buɗe, na ga lambobi na zubowa ba iyaka, na ce inna lillahi, me na jawo wa kaina? Ba littafin da ya yi bayanin yaren wasan nan, masu shi ba su faɗa wa kowa ba. Dole ka zauna ka warware shi daga baya zuwa gaba.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce har yau nake koya muku kuna hamma: ka canza abu ɗaya tak, ka dubi abin da ya motsa. Na buɗe sabbin sunaye biyu na gwaji. Na danna birki a mota, na kama saƙon. Na danna totur, na kama. Na jera su, sai na ga lamba guda ce ta bambanta, na ce to wannan ita ce mai faɗin irin aikin da aka yi. Na maimaita da ɗaya sunan, wata lambar daban ta canza, na gane ita ce lambar ɗan wasa. Daga nan na aika kyautar mota daga wannan zuwa wancan, na mayar da ita, na sake aika wata. A hankali saƙon ya buɗe mini kamar ambulan: ga irin aiki, ga mai bayarwa, ga mai karɓa, ga lambar mota.

Sai na rubuta nawa saƙon da hannu na tura wa saba. Ta yi banza da ni. Na sake, ta yi banza da ni. Akwai wata lamba a can ƙarshe da ke canzawa kullum, na rasa kanta na rasa gindinta. Kwanaki na yi ina zagin allo, har mai shayin ƙofarmu ya leƙo ya tambaya ko da wani nake faɗa. Rannan dai, don takaici, na ɗauki lambobin saƙo ɗaya na tara su gaba ɗaya. Abin da ya fito ya yi daidai da ta ƙarshen. Na gwada na biyu, daidai. Ashe jimla ce kawai, saba na duba ta don ta tabbatar saƙo bai lalace a hanya ba. Na gyara nawa na tura. Mota ta tashi daga wannan suna ta faɗa wancan, ban taɓa kwamfutar mai ita ba.

Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina tafa wa kaina, ba kunya. Domin na ga ramin da idona: muddin sunanka na buɗe, saba ba ta tambayar daga wace kwamfuta saƙon ya fito. Kowa zai iya cewa shi ne kai. A allonka ɗan rubutu ne zai fito ya ce an aika kyauta, ya ɓace nan da nan. Shi ya sa sai lokacin salla, lokacin da suna ke buɗe amma ba ido a kan allo.

Saura tambaya guda: wa zai tura saƙo alhali kowa na masallaci? Nan na tuna kwamfuta tana da agogo, kuma za ka iya ba ta aiki ka ce ta yi shi ƙarfe kaza. Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙuryar ɗaki na tarar da wata 'yar manhaja an ɓoye ta cikin aikin makarantar wani ɗalibi mai suna Nura, wanda kullum a nan yake zama. A cikinta ga saƙon kyauta irin nawa sak, ga lambar Baƙo, ga lokacin la'asar. Nura kuwa a sahun gaba yake salla.

Na kai wa Oga. Ya ce shi ya yarda, amma su Sabo ba za su yarda da lambobi ba, za su ce na kare abokina ne. Na ce to a bar ni in nuna musu a yaren da suke ji.

Na buɗe wa Oga suna a wasan, mutumin da bai taɓa riƙe sitiyarin allo ba. Na saita nawa saƙon da agogo. Aka kira la'asar, Sabo ya bar sabuwar motarsa a buɗe yadda ya saba. Oga ya fitar da kowa, ya leƙa har bayan gida, ya datse ƙofa da kwaɗonsa, ya miƙa wa Sabo makullin ya ce shi ya riƙe. Dung na can Daɗin Kowa. Muka tafi salla, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina na ƙarƙashin tebur wajen saba.

Muka dawo, Sabo ya buɗe da hannunsa, ya wuce ya zauna. Babu mota. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Na ce a buɗe sunan Oga. Ga ta nan tana sheƙi. Oga ya gyara hularsa ya ce, "To Sabo, ni ne ɓarawon ke nan ko? Ai tare muka yi salla, makulli kuma yana aljihunka."

Ɗakin ya kaure da hayaniya, wasu na dariya, wasu na salati. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na ji kamar in hau tebur. Na yi musu bayani a taƙaice, ban ambaci sunan kowa ba. Oga ya ja Nura ofis su biyu. Bai yi gardama ba. Ya ce shi so ya yi ya ga ko zai iya, da ya ga abin ya faɗa kan Dung kuma tsoro ya hana shi magana. Oga ya sa ya mayar da kowace mota ga mai ita, ya hana shi shagon. Ni kuma na gyara saba yadda ba za ta karɓi saƙon mutum ba sai daga kwamfutar da ya zauna.

Sabo bai jira an ce masa komai ba. Ya ce in shiga tasi in nuna masa gidan Dung. Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran keken ɗansa. Sabo, ƙaton nan, ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Na ci mutuncinka a gaban mutane, a gabansu kuma zan wanke ka. Ka yafe mini, ɗan'uwa." Da Dung ya ɗago sai ni ya duba, ya ce, "Injiniya, da kwamfuta ba ta yi magana ba, wa zai ji tawa?" Ya shiga ya sa takalmi, Sabo ya buɗe masa gidan gaba, ni aka tura ni baya, muka nufi shago.

Daga wannan aikin na san hanyata, na bi ta har na zo kujerar da kuke ganina a kai. Abin da na sani Nura ma ya sani, har ya riga ni ganowa. Bambancinmu shi ne ni na nemi izini, shi kuma ya bar wani ya ɗauki laifinsa. Kuma duk ranar da aka kira ku aka ce an yi ɓarna, za ku tarar mutane sun riga sun zaɓi wanda za su zarga, yawanci wanda ya fi kusa ko wanda ba nasu ba. Kada ku sa baki tukuna. Ku buɗe wayar ku karanta, don watakila akwai wani magidanci zaune a ƙofar gidansa da ba shi da mai yi masa shaida sai ku.