Yaya Umaru da baƙin ruwa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Umaru. Allah ya jiƙansa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, aji uku aka cire ni, amma ni na yi ta dafa wa baƙinsa abinci, kuma mai kai tuwo tana jin magana.

A gungu aka haife mu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Da aka samu 'yancin kai mun yi rawa kamar kowa. Ba a daɗe ba aka ce za a datse ruwa a Kainji, aka kwashe mu zuwa gidajen siminti a tudu, ruwa ya rufe gungunmu da kabarin babanmu. Inna ba ta yi kuka ba. Abin da ta riƙa faɗi har ta rasu shi ne, “Ko sallama ba su yi ba.”

Wannan maganar ce ta hana Yaya zama a aikin gwamnati. Ya ajiye, ya dawo Yelwa, shi da abokansa suka kama ɗaki suka ce cibiyar bincike ce. Kuɗin gwamnati ya ƙi karɓa. Na ce, “Yaya, ai yunwa za ta kashe ku.” Ya ce, “Hauwa, in sun ciyar da ni, da wane baki zan ce musu sun yi kuskure? Ke ki ciyar da ni.” Haka kuwa aka yi.

Damuwarsa ɗaya ce. Mu ruwa biyu muke da shi. Akwai farin ruwa na damina, akwai baƙin ruwa da ke tahowa tun daga Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana lokacin sanyi. Da shi masunta da masu albasa ke rayuwa. In maƙwabta suka tare shi a can sama, mun shiga uku. Yana so duk ranar da manyan gwamnati na Ikko za su zauna da waɗannan ƙasashe, su tafi da sanin haka.

Sau ɗaya suka turo mutane. Ya roƙe su su zo da rani, suka zo tsakiyar damina. Suka tsaya bakin tafkin Kainji yana cike maƙil, ɗayansu ya yi dariya ya ce ruwan nan ai ya ishi kowa. Suka ci kifina, suka yaba, suka tafi. Ranar Yaya bai taɓa tuwonsa ba.

Yanzu ina jin rediyo, yau an rufe iyaka, gobe an buɗe, jibi ana gina madatsa a can sama. Ban san ko akwai wanda ke gaya wa masu zama teburin shawara da maƙwabtan nan me ake nufi da baƙin ruwa ba. An ce irin cibiyarsa sun yi yawa a Abuja. Da yana nan, na san zai fara tambaya wa ke ciyar da su, da kuma wane wata suke zuwa kogi.

Ɗakin nasa yanzu albasa ake tarawa a ciki. Ni kuma ƙafa ta gaji, amma duk shekara in sanyi ya shigo sai na sa an kai ni bakin ruwa in ga ko ya iso. Bana ya iso, a makare. Har yau dai babu wanda ya yi mana sallama.