Yaya Sa'adu da kalmar da ta kusa kore ni daga London

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita 'yar Yaya Sa'adu ta kira ni daga Lewisham a London: mahaifinta ya rasu.

Na daɗe zaune, takalmi ɗaya a ƙafa.

Lokacin da arzikin mai ya ɓarke a gida, gwamnati ta tura ni karatu unguwar Bloomsbury a London. Akwai Latin cikin darussan, kuma dole sai an ci. Na faɗi jarrabawar farko. Abokaina a Kaduna kuwa kowa ya samu ofis da sabuwar mota.

Yaya Sa'adu ya girme mu, Turawa yake koya wa Hausa. Wajen shan shayi ya same ni, na ce masa na faɗi Latin, gida zan koma.

"Wace kalma ce ta kayar da kai, Isa?"

Na ce fero, wato "ina ɗauka". In ka ɗauka jiya sai ta koma tuli, abin da aka ɗauka kuma latum. Ko kama ba su yi ba.

Ya yi murmushi. "Kai da kake cewa zo, ka kuma ce yaka?"

Ya ce asali kalmomi biyu ne suka haɗa gida. Fero danginta ɗaya da bear ta Ingilishi, wato ɗauka. Tuli da latum daga wata kalma suka fito mai nufin ɗagawa. Daga fero da latum ɗin nan transfer da translate, wato fassara, suka samo tushe. "Ka ga mai fassara ɗan dako ne," in ji shi. "Kuma fero ɗin nan tana nufin jurewa. Kawo littafinka ranar Asabar."

Haka na riƙa shiga bas zuwa gidansu, shi yana tambaya, Anti Mairo matarsa tana tuƙa mana tuwo. Na ci jarrabawar. Ban koma gida ba sai da digiri.

Bara na ziyarce shi. Da sanda ya rako ni bakin titi, duk da na hana shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka riƙa leƙo ni. Waɗanda suka san ni da baƙin gashi sun kusa ƙarewa."

Na ce sai bazara. Allah bai nufa ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya ba Anti Mairo da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.