Da Hannun Hagu a Usfan

Ƙarar murfin bokiti ce ta fara komai. Ina kicin na ji ƙwal a jikin kwandon wanki, na leƙo, sai ga autata tana ɗauko murfin tana sake cillawa. Ashe kamfanin da maigida yake wa tuƙi ne ya shirya wa iyalan ma'aikata gasar jefa faifai, shi kuma ya ba da sunana da nata, ko shawara babu.

Ranar Alhamis muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Karantina, nan ƙasa mai tsarki. Mun tsaya Bab Makka sayen ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, mai gashin ya ƙara mana guda saboda yarinya. Da muka ɗauki hanyar Usfan sai gari ya ƙare, ya rage baƙaƙen duwatsu da masu sayar da nonon raƙumi a bakin titi. Maigida yana tuƙi yana shafa aljihun da iƙama take, takardar izinin zama, har muka isa ba wanda ya tambaye shi.

Filin wata istiraha ce, wurin shaƙatawa mai itatuwan ƙaya, ga 'yan Sudan, ga 'yan Filifin, ga Pakistanawa da tukwanen shinkafarsu, mata da yara a ɓangare guda. Wasan ba wuya a baki: faifan roba za ki yi ta jefawa har ya faɗa kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa can nesa, wadda ta kai da jifa kaɗan ita ta ci. Uwa ta jefa, 'ya ta ɗora daga inda ya faɗi.

Autata bahaguwa ce. A gida da hagu take jifa, da wuya ta kuskure kwandon wanki. Amma 'yan ajinsu sun sha yi mata dariya, har ta koyi ɓoye hannun in da baƙi. Nan ma da dama ta fara. Faifan farko ya maƙale a ƙaya, na biyu ya kifar da shayin wata 'yar Sudan. Idon autata ya ciko.

"Yumma, halas, mu tafi gida," ta ce mini, wato mama, ya isa.

"Ki jefa da hannun da kika saba mana."

"Ana kallo," ta ce, kanta a ƙasa.

Ni ma bahaguwa aka haife ni, ita ba ta sani ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ɗaure mini hannun take yi da ɗankwali har na saba da dama, kuma ina gode mata wajen ci da miƙa wa mutane abu. Jifan roba dai ban taɓa jin an hana da hagu ba. Da layi ya zo kaina na yi bismillah, na sauya hannu, na saki. Faifan ya miƙe sambal, ya wuce kwandon, ya sauka kusa da ƙafar alƙalin wasa. 'Yar Sudan ɗin nan ta rangaɗa guɗa, ta manta da shayinta.

Yarinya ta daɗe tana kallona. Sannan ta je ta ɗauko faifan, ta mayar da shi hagu, ta jefa. Sarƙoƙi suka yi cas. Daga nan har aka tashi ba ta sake waiwayen kowa ba.

Kofin gasar dai wata 'yar Filifin da mahaifiyarta suka ɗauka, sun kuwa cancanta. Mu mun samo ciwon kafaɗa da ƙaya a gefen abaya.

A hanyar dawowa, bayan mun yi magariba a wani masallacin gidan mai, na ba ta labarin ɗankwalin kakata. Abin da tafiyar nan ta koya mini, gaya wa yaro kada ya ji kunya ba ya isa, sai ya ga babba ya tsaya a inda ake kallo.

Muna shiga gida, ina shafa man zafi a kafaɗa, ta zo ta riƙe hannuna na hagu, ta ce da 'yar Hausarta mai karyewa, "Yumma, da ina nan lokacin, da na kwance miki."